Likita Ya Ce a Rage Gishiri

Duk wanda ya taɓa zaman layi a asibiti ranar masu hawan jini ya san yadda ake fitowa daga ɗakin likita: kai a sunkuye, kati a hannu, ana ta "To likita, in sha Allahu likita." An ɗaura wa mutum abin awo a dantse, an ga ya haura 140 bisa 90, an ce ya rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma har da na cikin burodi da tsire da indomi. A ƙofar asibiti kowa tubabbe ne. Sai an sauke kwanon tuwo ake sanin wane ne wane.

Akwai Alhaji mai yaji a aljihu. Shi da bakinsa ya tara iyali ya kafa doka: daga yau a riƙa ɗebar masa miya kafin a sa gishiri. Hajiya ta bi umarni, ta kawo miyar kuka lami. Ya kai loma ɗaya, ya haɗiye da ƙyar, ya ce "Madalla, haka ake so." Tana juya baya sai ga ƙullin leda ya fito daga aljihun gaba. Yajin mai tsire ne, wanda aka daka da gishiri da dunƙule har ya fi barkonon yawa. In ka kama shi sai ya ce, "Ai yaji ne. Ka ji likita ya ambaci yaji?"

Abokiyar tafiyarsa ita ce uwargida mai rantsuwa. "Wallahi Alhaji, ko ƙwayar gishiri ban sa ba." Kuma gaskiya ta faɗa, ba kaffara a kanta. Sai dai ta ɓare dunƙule takwas, ta barbaɗa farin magi, ta jefa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi. Shi dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne aka sa wa riga mai walƙiya, farin magi da kanwa kuwa duk dangin juna ne da gishirin a wurin jini. Ni dai ba na ganin laifinta sosai. A gidan da ake karɓa-karɓar girki, wace ce za ta yarda a ce ranarta ce ranar miya lami, gobe abokiyar zamanta ta fito da farfesu yana tashin ƙamshi har zaure? Da maigida zai sa dokar ta hau kan kowane ɗaki, da an tuna cewa daddawa da citta da masoro da albasa sun riga dunƙule zuwa tukunya.

Sai mai kakanni. Wannan ba ya ɓoye komai, gardama yake yi. "Kakanninmu sun ci gishiri sun shekara ɗari, wa ya taɓa auna su?" To, a nan ɗin ya faɗi gaskiya: ba wanda ya auna su. In ɓarin jikin mutum ya shanye sai a ce iska ta buge shi, a nemo hayaƙi. Kuma gishirin kakannin nasa a bayan raƙumi yake zuwa tun daga Bilma, ana gutsurarsa da tsantseni. Kakan yana yini a gona da fartanya, jikan kuwa ko masallacin bayan layi sai a kan babur.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai jiran ciwon kai. An ce ya sha ƙwaya kullum, shi kuma ya mai da ita Panadol: sai ƙeya ta sara ya ɓalli ɗaya. In kwana uku suka wuce garau, ya warke ke nan, ragowar a ajiye wa gaba. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Yana iya shekaru yana cin zuciya da ƙoda mutum na yawonsa lafiya lau.

Kusa da shi akwai likitan WhatsApp. Kullum da sabon haɗi: yau tafarnuwa bakwai kafin karin kumallo, gobe ganyen zogale, jibi wani sassaƙe da ko mai turo saƙon bai san sunan bishiyarsa ba. Ya ji an ce zoɓo na ɗan sauke jini, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai ya jingine ƙwayoyinsa ya koma wa zoɓo jarka guda, da sukari gwangwani biyu a ciki. Ya fita daga layin masu hawan jini yana neman gurbi a layin masu ciwon suga.

Mai "yau kaɗai" ba ya buƙatar dogon bayani. Juma'a ɗaurin aure, Asabar walima, Lahadi suna, ga kilishi an kawo tsaraba, ga soyayyen naman layya da ke kai shi har Muharram. Kowace rana yau kaɗai ce.

Akwai kuma wanda ɗansa ya aiko masa da na'urar awo. Ya auna da asuba, ya auna bayan shayi, ya auna in an ɗauke wuta. In lambar ba ta yi masa daɗi ba ya sake, har sai ta faɗi abin da yake so. Ka je gaishe shi, kafin a kawo maka ruwa an naɗe maka dantse.

Na ƙarshe shi ne wanda ya bi doka da gaske, jininsa ya sauka, ya kuma zame wa unguwa ɗan sanda. Kana tsaka da cin balangu zai tsaya a kanka yana lissafa maka giram-giram, har naman ya fita daga ranka. Abin haushin shi ne duk abin da yake faɗa daidai ne, kuma ya ce bayan 'yan makonni harshe kan saba, har miyar biki ta riƙa yi maka zau.

Shi ne ya ja ni aka auna ni watan jiya. Ba zan faɗi lambar ba. Amma kai mai karatu, in ka gan ni a majalisa ina laluben aljihun gaba, don Allah ka kau da kai.