Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga md127, wanda jiya-jiya yake md0

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa daga ɗan ɗakin saba a Jimeta, inda ni da kai muke shan zafin Afrilu mai haura digiri 40. Maganar sabon sunan nan naka ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Shekara da shekaru kana md0. Faifai uku ne a cikinka, an ɗaure su da RAID 5, ko ɗaya ya mutu sauran biyun su haɗo abin da ke kansa. Takardun albashi da rahoton da oga ke nema duk Litinin, kai ke riƙe da su. Tsohuwar Ubuntu kawai muka sauke daga faifan da na'ura ke tashi da shi, muka ɗora sabuwa. Ko ɗan yatsa ba mu ɗora maka ba. Aka kunna, babu md0. Akawu ta leƙo, ta ga fuskata, ta fara salati.

Sai da na buɗe /proc/mdstat na same ka zaune lafiya lau, wai md127.

Na san hujjarka. A kan kowane faifai, kilobait 4 daga farkonsa, akwai ɗan tambarin da mdadm ya buga: lambar shaidarka, gurbin faifan a cikin jeri, da sunan sabar da aka haɗa ka a kanta. Sabuwar manhaja ta zo da wani suna, mdadm.conf kuma ya bi tsohuwar, shi ya sa aka yi maka irin ta amarya, wadda dangin miji ke laƙa wa sunan da suka ga dama. To, amma ko sallama?

Abin da ya tayar min da hankali shi ne yaron da ya zo taya ni aiki. Har ya rubuta --create, yatsansa na kan maɓalli, wai a sake gina ka. Neil Brown, ɗan Ostireliyan da ya fara mdadm a 2001, ya ajiye --create da --assemble a kwando ɗaya. Na biyun tattaro ka yake yi yadda kake. Na farkon sabon tambari yake dannawa kan tsoho, kuma idan aka saɓa jerin faifan ko girman yankan, albashin ma'aikata ya koma shirme. Na riƙe masa hannu.

Muka bi faifan ɗaya bayan ɗaya da --examine, muna duba lambar ƙidayarsu, don a garin nan ɗaukewar wuta kafin janareta ya kama kan bar faifai ɗaya a baya. Allah ya taimaka, ukun bakinsu ɗaya. Na rubuta ka a sabon mdadm.conf da sunanka na yanka, na yi update-initramfs don kada ka manta da safe, a fstab kuwa da UUID na kira ka, tunda suna ba ya zama a jikinka.

Masu bincike ukun nan na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, Patterson da Gibson da Katz, da suka yi rubutu kan irinku a 1988, mutuwar faifai suka yi wa tanadi. Yaro mai saurin hannu ba ya cikin lissafinsu. Don haka ka sani, na sayo faifai na huɗu, na kwashe duk abin da ke cikinka, yanzu haka yana cikin durowar oga a can cikin garin Yola. In ka ga dama gobe ka tashi a md126.

Naka,
Mai gadinka na Jimeta