Daren da Muka Ɗaura wa Suwic Biyu Aure

Ma'aikatar da nake wa aiki a Kano tana da rumbun bayanai guda ɗaya, ƙaton akwati cike da faya-fayai. Sabar-sabar ɗinmu ba su da faifan kirki a cikinsu, duk a rumbun suke ajiya. Tsakaninsu da shi akwai suwic na Fibre Channel ƙirar Brocade, kamfanin da Broadcom ya saye a 2017, sai wayoyin faiba masu ɗaukar haske. Wannan haɗin shi ne SAN, kuma bibbiyu ake gina shi: layin A da layin B. Kowace sabar tana da waya ɗaya a kowane layi, don in ɗaya ya mutu aiki ya bi ta ɗayan.

Ramukan suwic ɗin layin A suka cika. Na rubuta a sayo sabo. Oga ya ga farashin, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, farashin bai canja ba. Sai ya ce yana da wani mutumi. Mutumin ya kawo mana na hannu daga Turai, har da ƙurarsa ta ƙasar waje. Araha ba ta ado, amma ba a gaya wa Oga haka ana gobe albashi.

Irin wannan aiki sai dare, in kowa ya tashi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ni kaɗai nake fita daga unguwarmu da rigar sanyi da safa saboda sanyin ɗakin sabar, maƙwabta suna tambayar uwargida ko lafiyata ƙalau.

A takarda aikin ba wuya: ka ja waya ɗaya daga tsohon suwic zuwa baƙon, su zama gida ɗaya. Sai dai suwic ba sa haɗuwa sai an yi bincike irin na aure. Kana soka wayar kowanne zai tsare ɗan'uwansa da tambaya: lambarka nawa, su wa ke gidanku, wa aka yarda ya ga wa. Amsa ɗaya ta saɓa, an fasa.

Na ce wa ɗan bautar ƙasar da aka haɗa ni da shi ya samo waya. Kafin in gama ɗaure suwic ɗin a kanta ya dawo da ita, mai ruwan shuɗi-shuɗi, tsaf.

"Yaya, ga ta."

Har na sa masa albarka saboda zafin nama.

Muka soka. Na buga switchshow, ramin ya nuna an raba gari, wai lambobi sun yi karo. Kowane suwic yana da lambar gida daga 1 zuwa 239, kuma ba a yarda biyu su riƙe lamba ɗaya ba. Daga masana'anta da 1 yake fitowa. Namu tun da aka saye shi ba wanda ya taɓa ta, na Turai ma ashe haka suka bar nasu. Lalaci dai ba shi da ƙabila. Na dakatar da baƙon, na ba shi 2, na tashe shi.

Ramin ya sake cewa an raba gari, wannan karon kan shiyyoyi.

Nan ne ainihin rigimar SAN take. Kowane rami na sabar ko na rumbu yana da sunan yanka mai harufa da lambobi 16, WWN, wanda ba a maimaita shi a duniya. Da waɗannan sunaye ake yanka shiyya: sabar kaza ta ga ramin rumbu kaza, ba ruwanta da saura. In suwic biyu za su haɗu sai kundin shiyyoyinsu ya dace, ko kuma ɗaya ya zo fanko ya karɓi na ɗan'uwansa. Na buga cfgshow a kan baƙon, sai ga sunaye suna ta gangarowa da Jamusanci, kowanne ya kusa cika layi. Amarya ta zo da igiyar wani a kanta. Tsohon mai shi bai goge komai ba, mutumin Oga kuwa ko kunna shi bai yi ba.

Maganin sananne ne. A zare wayar haɗin, a buga wa baƙon umarni uku: cfgdisable ya sauke kundin da ke aiki, cfgclear ya share shi, cfgsave ya tabbatar da sharewar. Na zare wayar. Yatsuna kuwa sun ƙage don sanyi, sai na fita wurin maigadi in sha shayi.

A nan Oga ya shigo ta ɗaya ƙofar, wai ya kasa barci. Ya tarar da kwamfutata a buɗe, yaron ya yi masa bayani, shi kuma ya ce ai ya karanta duk wannan a wayarsa da yamma. Tagogi biyu ne baƙaƙe a allon, na tsoho da na baƙo, kuma da yake ba a taɓa raɗa wa kowannensu suna ba, kamarsu ɗaya. Oga ya zaɓi wanda ke sama. Ya buga cfgdisable, na'ura ta tambaye shi ko da gaske yake, ya ce mata eh. Oga bai taɓa jin tsoron tambaya ba. Ya ɗora da cfgclear.

Namu an saita shi ne yadda in babu kundi, ba mai ganin kowa. Cikin ƙiftawar ido layin A ya makance baki ɗaya.

Na shigo da kofi a hannu na tarar da Oga ya ɗaga waya sama yana neman sabis, don ya manta kalma ta uku. Shekara da shekaru ina tsine wa rashin sabis na ɗakin nan. Ranar na nemi gafararsa.

"Yallaɓai, don girman Allah a ɗan matsa."

Na buga cfgtransabort, sharewar da ba a tabbatar ba ta koma kamar ba a yi ba. Na buga cfgenable da sunan kundinmu, shiyyoyi suka dawo. Ban ma tsorata sosai ba, ai saboda irin wannan dare aka yi layin B. Na bi sabar-sabar ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta koma ta B ta ci gaba da harkarta. Ban da guda, wadda ta sume: sabar albashi.

Na zagaya bayan kanta da tocila. Raminta na B wayam.

Na juyo na kalli yaron, na kalli wayar nan mai ruwan shuɗi-shuɗi da ke hannunsa.

"Yaya, ai na ga tana da biyu."

Oga ya ce gaskiya shi ma ya daɗe yana ganin almubazzaranci ne.

Muna lallaɓa ma'adanar albashi tana gyara kanta har aka kira assalatu. Bayan nan na share baƙon, shi ɗin dai, na mayar wa sabar albashi wayarta, muka samo wata a sito ƙarƙashin kwalin biskit. Na soka, na buga fabricshow, sai ga su biyu a jere, 1 da 2, alamar shugabanci tana gefen namu. Kafin in bar ɗakin na raɗa wa kowanne suna, na kuma manna wa kowace waya takarda a wuya.

Albashi ya makara, aka ce matsalar netiwok ce, kuma a karon farko a tarihin ma'aikatar ba a yi ƙarya ba. A taron Litinin Oga ya bayyana cewa ba don ya zo da kansa ba da abin ya fi haka muni. Yaron ya samu takardar yabo. Kuɗin shayi ni na biya.

Yanzu ramukan layin B ma sun kusa cika, kuma na ga Oga yana goge tabarau. Duk wanda ya san mutumin nan nasa, don Allah ya gaya masa ya share kundin kafin ya kawo.