Kawu da Gasket ɗin Land Cruiser

Kawuna yana da Land Cruiser FJ40, irin wadda Toyota ta ƙera daga 1960 zuwa 1984, mai injin 2F na silinda 6 da aka fara sa wa motar a 1975. Ba ya yarda a kira ta tsohuwa. Dattijuwa ce, in ji shi.

Da sanyin hunturu ta fara wani ƙyas-ƙyas da safe kamar keken ɗinki, in ta yi zafi sai ta yi shiru. Silo ma ya lalace, inji na ta karkarwa. Kawu ya ɗora laifin kan kafireto, ya kwance shi ya wanke. Ya canza fulogi. Ni aikina riƙe tocila da cewa "haka ne, Kawu".

Bakanikensa ne ya fesa ɗan fetur a gefen injin, silo ya tashi nan take. "Alhaji, gasket ɗin manifol ne ya ci." A wannan inji, manifol mai shigar da iska da fetur da mai fitar da hayaƙi gefe guda suke, a manne da juna, gasket ɗaya ke bayansu, wasu notina ma biyun suke dannewa tare. In ya yoye, hayaƙi na tsere ta nan, iska na kutsawa ta can.

Muka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai shago ya shimfiɗa mana kala biyu: siriri mai araha, da mai kauri da ke lotsewa ya cike ɗan gibi. Kawu ya yi lissafinsa na tsohon ɗan kasuwa, ya ga siriri biyu ba su kai kuɗin mai kauri ɗaya ba. Ya saya biyu, zai haɗa su. Kuɗin aiki ma ya ce a bar shi, ai yana da sifana.

Ana fara ɗaure notinan ne daga tsakiya, a bi su waje sannu a hankali, a zagayo a ƙara. Kawu ya fara daga ƙarshen gaba, ya zura bututu a sifana don ƙarin ƙarfi, ya yi bisimilla ya danna. Sai ƙas! Kusar da ta shekara arba'in tana shan wuta da tsatsa ta karye a cikin kan injin. Ya dube ni. Ya ce tocilar ce ban haska daidai ba.

A kan igiya dattijuwa ta isa gareji. Bakanike bai ce uffan ba, ya haƙo guntun da dirili, sannan ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar manifol, haske na leƙowa ta ƙarƙashi. Zafin shekaru ya tanƙwara manifol ɗin. Ko gasket goma aka jera sai ya yoye. Aka kai manifol biyun wajen masu injin goge ƙarfe, aka goge su a haɗe don fuskarsu ta zo daidai, aka sa mai kaurin nan da Kawu ya raina.

"Alhaji, in ta yi zafi ta huce, a dawo in sake bin notinan. Ni zan bi, don Allah."

Kawu ya ce ai ƙaramin aiki ne, zai yi a gida. Bakanike ya miƙo mini sifanar a ɓoye, na tura ta cikin aljihun riga.