Wai ina ruwan ƙwayar hawan jini da numfashi?

Da an ce maganin hawan jini yana taɓa yadda jiki ke neman iska idan ta yi ƙaranci, sai majalisar Kirikasamma ta kwashe da dariya. "Malam, nan fa fadama ce. Daga Baturiya har Madaci ko tudun kirki babu, wane dutse muka hau da iska za ta gagare mu?"

Ranka ya daɗe, Alhaji, ba sai ka hau dutse ba. Minsharin nan da uwargida ta gaji da yi maka ƙorafi a kansa, wanda numfashi ke ɗaukewa can ka zabura da gurnani, a lokacin oksijin raguwa yake a jininka. Mai tashin ka wani ɗan nama ne a wuya, bai wuce ƙwayar shinkafa ba, daidai inda jijiyar da ke kai jini ka ta rabu biyu. Da ya ji oksijin ya ja baya sai ya sanar da ƙwaƙwalwa: a ƙara numfashi, a matse jijiyoyi. Jini kuwa ya hau. Bincike a kan ɗan naman nan ne ya ba Corneille Heymans, ɗan Beljiyam, kyautar Nobel ta 1938, ba labarin bakin kasuwar Hadeja ba ne.

Sinadarin anjiyotensin, wanda ƙwayar hawan jini ta lisinopril ke rage shi, ta losartan kuma ke tare masa hanya, yana zuga ɗan naman nan. An gani a gwajin dabbobi. Propranolol, shi ma maganin hawan jini, ya fi fitowa fili: yana hana zuciya ƙara gudu lokacin da ake bukata, mai asma kuma yana iya matse masa hanyoyin iska. Ga kuma busasshen tarin da lisinopril ke sa wa wasu, ku kuna ta zagin hazo da hayaƙin bandar kifi.

Na hango Baba yana murmushi, ya samu hujjar jefar da ƙwayoyinsa. Mayar da su aljihu, Baba, shanyewar ɓarin jiki ba ta san wasa ba. Likita za ka gaya wa kana da asma, ko tari, ko minshari, ya sauya maka.

Sai masu rufe ɗaki da kaskon gawayi a lokacin hunturu. Ɗan naman wuya ba ya gane gubar wannan hayaƙi, ba zai tashe ku ba, ko kun sha ƙwaya ko ba ku sha ba.