Yadda Muke Cin Bazara a Kulob Ɗinmu

Tunda tambayar ta yi yawa, a bakin masallaci a yi, a shagon kayan Afirka a yi, wai ina muke zuwa kullum da sassafe da jaka a kafaɗa alhali an san ba mu da wurin aiki, to bari a faɗa kowa ya huta. Kulob muke zuwa. Gida ne a nan Bronx na mutanen da suka sha fama da lalurar ƙwaƙwalwa: mai matsanancin ciwon damuwa, mai jin muryoyin da wasu ba sa ji, mai ciwon nan da ke cilla mutum sama wata guda ya dawo ya kwantar da shi wata uku. Mu ke nan, ba ɓoye-ɓoye. In kuma ana son a ga gidan ya cika ya batse, to a zo tsakanin Yuni da farkon Satumba.

A can ba a ce da kowa majinyaci. Memba ne kowa, kuma wanda ya shiga ya shiga ke nan. Ko shekara biyar ya yi bai leƙo ba, ranar da ya dawo sunansa na nan. Ƙarfe tara da 'yan mintuna muke taruwa a gaban wani farin allo da aka jera ayyukan yini: wa zai yanka albasa, wa zai zauna a teburin ƙofa ya amsa waya, wa zai shigar da sunayen mutanen jiya a kwamfuta, wa zai wanke banɗaki, wa zai ƙirga cinikin ɗan kantinmu. Ba a nuna kowa da yatsa. Kai za ka ɗaga hannu a rubuta sunanka. Ranar da jiki ya ƙi, ka ja kujera ka zauna da kofin shayinka, ba mai ce maka kanzil, sai dai can wajen sha ɗaya wani ya raɓo ya ce, "Yaya, taya ni naɗe cokulan nan mana." Ma'aikatan gidan ma da gangan aka ƙaranta su, yadda ba za su taɓa gama aikin ba sai da mu. In ba mu zo ba, ba abincin rana. Sanin cewa in ba ka je ba wani abu zai tsaya, shi ya tayar da da yawanmu daga gado bayan magani ya yi iya nasa.

Duk baƙon da ya zo, memba ne ke zagayawa da shi, kuma ba a sallamarsa sai an ba shi labarin asali. Wasu mutane ne da aka sallamo daga asibitin Rockland na jihar New York a shekarun 1940, suka fito suka tarar ba mai jiransu, suka riƙa haɗuwa suna taya juna neman ɗaki da aiki. A 1948 aka samar musu gida a titi na 47 ta yammacin Manhattan, shi ne Fountain House, yana nan har gobe. A 1955 wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai suna John Beard ya karɓi ragamar gidan, shi ya kafa tsarin nan na membobi da ma'aikata su sa hannu a aiki ɗaya. Yau irin gidan ya haura 300 a ƙasashe sama da 30. Ƙa'idojin da muke bi tun 1989 aka fara rubuta su, 37 ne yanzu, muna ɗauko ɗaya-ɗaya a taro mu karanta mu yi ta gardama a kai. Wadda ta fi kwanta mini ita ce: ba ɗakin da aka keɓe wa ma'aikata su kaɗai, ba taron da za a rufe ƙofa a yi maganarmu ba ma ciki. Duk wanda ya taɓa kwana a sashen masu taɓin hankali ya san abin da wannan ke nufi. Likita da allura kuwa suna can asibitinsu, ba a shigo da su gidan.

To, zafi. Mutumin Sakkwato ko Agadas in ya ji ana kukan 35 a ma'aunin zafi sai ya ce me aka yi. Bai kwana a hawa na biyar na tsohon ginin bulo ba, ba na'urar sanyaya ɗaki, ga gumin da ba ya bushewa. Mu kuma namu ya fi na kowa, domin wasu magungunanmu suna hana jiki fitar da zafi yadda ya kamata, wasu suna sa rana ta ƙona fata nan da nan. Mai shan lithium kuwa, in ruwan jikinsa ya yi ƙasa, maganin taruwa yake a jini har ya zama guba. Shi ya sa daga Yuni ake ƙara layi ɗaya a allon safe: mai ruwa. Aikinsa ke nan, ya bi tebur-tebur da jug. In hukumar birni ta buɗe wuraren shan sanyi a ɗakunan karatu da cibiyoyin tsofaffi, 'yan ofis ɗinmu sai su kira 311, su buga jerin mafi kusa da gidan kowa, a manna a ƙofa, a cusa wa kowa ɗaya a aljihu.

Kiran waya kuma ya ninku. Kullum akwai masu zama da littafi suna duba wanda ba a gani ba. Ba tuhuma ce ba, gaisuwa ce. "Baba, kwana uku shiru. Fankarka na aiki? Ka ci abinci? Gobe kaza ce fa." Wani zai kashe wayar a kunnenka, jibi ka gan shi a bakin ƙofa. In ba a ɗaga ba har sau da yawa, mutum biyu su hau bas su je su ƙwanƙwasa, tunda dai zumunci a ƙafa yake. Wanda aka kwantar a asibiti kuma kati ke zuwa masa, kowa ya sa hannu, har wanda suka yi cacar baki da shi a kan rimot ɗin talabijin makon jiya.

Lambun ne fa abin alfaharinmu. Ɗan fili ne a bayan gida, akwatunan katako cike da ƙasa, amma ku zo ku ga tumatir a watan Agusta. Akwai barkono, kuɓewa, alayyafo, na'ana'a. Masu ban ruwa tun kafin taron safe suke isowa, kuma akwai wani dattijo da ba ya haɗa jimla biyu da kowa a cikin gida, amma in ka same shi a bakin kuɓewarsa sai ka nemi hanyar tserewa ka rasa. Mu 'yan Afirka ta Yamma muka matsa sai da aka shuka yakuwa. Ganyen ya yi kyau, ya shiga miya, amma zoɓon bai ƙosa ba, domin ita ba ta fure sai yini ya gajarta, a nan kuwa kafin ta gama sanyi ya sauko ya kashe ta. Busasshe muke sayowa. Ranar da aka fara dafa shi a kicin kuwa an sha rigima mai daɗi: 'yan Jamaika suka ce abin shansu ne na Kirsimeti, wata 'yar Meksiko ta ce tun tana yarinya take shan sa, 'yan Ghana da Senegal da mu muka ce a'a, kowa ya aro ne. Aka raba tukunya uku. Tamu mai citta da kanumfari ce ta fara ƙarewa, kuma an rubuta hakan a jaridar gidan, a je a duba.

Ranar 4 ga Yuli ba a rufe gida. Ƙa'ida ce: kowane biki a ranarsa ake yin sa, ba a matsar da shi don ma'aikata su huta, saboda ranar da kowa ke wajen danginsa ita ce ranar da marar kowa ya fi shiga uku. Gashi ake yi a bayan gida. Shekarun baya mu Musulmi burodi da salak muke ci mu yi shiru, har wata baiwar Allah ta ɗaga maganar a taron mako. Ba a ɗau lokaci ba aka yanke: murhu biyu, naman halal daban, matsefatarsa daban. Daga nan yajin ƙuli ya shigo, yanzu layin tsire ya fi na hambaga tsawo. Da duhu ya yi kuma unguwa ta ɗauki ƙarar wasan wuta, akwai waɗanda ba sa iya jurewa, musamman tsofaffin sojoji. Su ake buɗe wa ɗakin ciki, a kunna kiɗa, 'yan Puerto Rico su baje domino. Ba wanda ake bari ya tafi gida shi kaɗai a daren nan sai in shi ya ce.

Yawo ma muna yi, amma da yamma ko Asabar, ko wata rana da aka ware. Jirgin ƙasa mai lamba 6 har ƙarshensa a Pelham Bay Park, daga nan bas zuwa bakin ruwan Orchard Beach, da kuloli da tabarmi da man shafawa na kare rana. Gidan zoo na Bronx ranar Laraba, tunda ranar ce ake shiga kyauta in an yi rajista da wuri. Jirgin ruwan Staten Island, wanda ba a biyan ko sisi, a wuce ta gaban mutum-mutumin 'yanci a dawo. 'Yan Fountain House su har gona gare su a New Jersey, eka sama da 400, suna zuwa su kwana su yi noma. Mu dai muna jin labari muna haɗiyar yawu. Akwai masu cewa tunda bazara ce a ajiye allon nan a riƙa fita kullum. Ni ba na tare da su. Wuraren da ake tara irinmu a yi musu wasa a mayar da su gida suna da yawa, mun zauna a cikinsu, mun san yadda mutum ke fitowa daga can yana jin kansa kaya. Daɗin bakin ruwa ranar Asabar, ai don an yini ana aiki daga Litinin ne.

Aikin gidan ba a biyan kowa a kansa, kamar gayya yake. Na albashi a waje ake samunsa, kuma nan ne dabarar take. Kulob kan ƙulla yarjejeniya da wani kanti ko ofis a kan gurbi ɗaya: awa 15 zuwa 20 a mako, wata 6 zuwa 9, albashi daidai da na kowa, daga hannun mai kamfani. Ba intabiyu, ba mai tambayarka ina ka shiga shekara huɗun da babu komai a takardarka. Ma'aikacin kulob ne zai fara koyon aikin, ya koya maka, ranar da ka kasa tashi kuma shi zai je ya tsaya a madadinka, don kada gurbin ya suɓuce. In wa'adinka ya cika ka matsa wa na baya, ka nemi na dindindin. Ranar da wani ya shigo da takardar albashinsa ta farko, a tsakiyar cin abinci ake sanarwa, tafi har titi. Agusta kuma watan 'yan makaranta ne: teburin kwamfuta ba ya samuwa, masu cike takardun Hostos da Bronx Community College sun mamaye, masu shirin jarrabawar kammala sakandare na gefe da littattafansu.

Yanzu ga maganar da ta sa na buɗe baki. Mu Hausawan garin nan, na Kumasi da Accra da Yamai da Kano, kaɗan ne ƙwarai a kulob ɗin, ba kuwa don ciwon ya tsallake mu ba. Hajiya, yaron nan da ke ɗakin ƙurya shekara biyu, labule a sake, kowa a ginin ya san yana nan. Alhaji, ƙanwar nan taka da aka daina fita da ita suna da biki don kada labari ya kai gida, ita ma tana jin sanda kuke rufe ƙofa ku tafi. Ba mu ce a bar addu'a ba, mu ma da ita muke kwana muke tashi. Akwai lungun da muke shimfiɗa darduma mu yi Azahar, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga mana gira. A yi ruƙiya, a sha magani. Amma bayan an shafa addu'a an haɗiyi ƙwaya, akwai sauran awa goma sha biyu na rana, kuma a Yuli rana ba ta faɗuwa sai takwas ta wuce. Waɗannan awoyin ne ke cin mutum.

Ba a kawo kowa dole, ba ma karɓar wanda aka jawo. Ku dai gaya masa akwai wurin, ku rako shi in yana so. Ba a biyan kuɗin shiga. Takarda ce likitansa zai cike, ita ma muna taya bi. Ya zo ya zagaya, ya ga kicin, ya ga lambu, in bai yi masa ba ya tafi ba wanda zai riƙe shi. Sai dai mai zuwa ya iso kafin sha ɗaya, lokacin ne masu girki ke rufe lissafin faranti.