Mai Gida a Takarda, Ɗan Haya a Ɗaki

A matsayina na mai gidan haya, ga hukuncin da na yanke, ko da 'yan'uwana masu gidaje za su ce na sayar da su: idan ɗan haya ya kasa biya, hanya mafi arha ita ce ka yafe masa bashin, ka biya masa kuɗin a-kori-kura ya kwashe kayansa. Ba tausayi ne ya kai ni nan ba, lissafi ne.

A dokar haya ta Abuja da ta jihohi da dama, idan babu wata yarjejeniya a rubuce, mai biyan shekara-shekara sai an ba shi notis na wata 6, bayan ya ƙare a ƙara masa na kwana 7, sannan a nufi kotu. Can lauya zai ci nasa, a ɗage zama, a sake ɗagewa, shi kuwa bawan Allah yana kwance a ɗakinka, kullum da safe yana durƙusawa: "Alhaji, an tashi lafiya? Ana ta ƙoƙari." Idan zuciya ta ɗebe ka ka kira kafinta ya yaye kwanon ɗakin, ko ka danna kwaɗo a ƙofa, ka karya doka, kuma kai za a ce ka biya diyya. Ruwan damina kuma bai san wa ake bi bashi ba. Bangonka zai jiƙa. Idan ka kai ƙara wurin mai unguwa, zai ce a yi haƙuri. Liman kuwa zai tuna maka aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta umarci a jinkirta wa mai ƙunci. Dillalin da ya rantse maka cewa mutumin kirki ne, ya karɓi la'adarsa tuni, wayarsa a kashe take.

Za a ce wannan zai koya wa mutane cin haya a ɓagas. Akwai macuta, gaskiya ne, amma su ma lallami ya fi saurin fitar da su. Yawanci kuwa babu ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, mutumin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya zaɓa tsakanin buhun masara da fuskar mai gida, kuma masara ce ke cin zaɓen. Za a kuma ce mu ma da hayar muke cefane. To, ai dalilin ke nan: ɗakin da ya koma hannunka a wannan watan zai kawo kuɗi, wanda ke gaban alƙali kuwa sai dai ya ci maka.

Don haka, Alhaji, kira mai unguwa ya zama shaida, a rubuta ranar tashi, ka biya direba da hannunka. Kada dai ka kuskura ka damƙa wa ɗan hayar kuɗin motar, domin zai yi cefane da su, ya aiko maka da tuwo.