Yadda Ake Rufe Bakin Rawayar Fitila Kafin Ranar Bizit

Idan wa'adin takardar bizit ɗin motarka, wato binciken lafiyarta, ya ƙarato, ga kuma ƴar rawayar fitilar nan mai siffar inji tana ci a gaban sitiyari tun damanar bara, matso kusa ɗan'uwa. Ni shekarata shida muna zaune da tawa, har yaran gida sun ɗauka ado ne daga kamfani.

Ka fara sanin wadda kake rigima da ita. Motarka Baturiya ce da ta yi ritaya. Ta cinye ƙuruciyarta a Beljiyam ko Jamus, aka ɗora ta jirgin ruwa zuwa Kwatano, ta yi tattakin fiye da kilomita 700 ta Paraku da Kandi zuwa Malanbil, ta haye gada ta shigo Gaya, a zamanin da gadar take buɗe kafin juyin mulkin Yulin 2023. Ƴan'uwanta suna da yawa: hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga tsofaffin motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Tun a gida aka dasa mata kwamfuta mai tsegumi, domin daga 1996 a Amurka, daga 2001 a Turai ga masu shan esansi, doka ta ce kowace sabuwar mota ta riƙa kai ƙarar kanta idan hayaƙinta ya ɓaci. Baiwar Allah ba ta san ta bar Turai ba. Tana nan Gaya, tana kai ƙara Burusel.

Shawarar da za ka fara ji a tasha ita ce baƙin salatif. Ka yanki ɗan mitsitsi ka manna a kan fitilar. Yana aiki, ban musa ba, kamar yadda rufe ido yake maganin mai bin bashi. Wani zai ce ka cire kan batir na minti goma. Fitila za ta mutu, agogo ya rikice, tashoshin rediyo su ɓace, ita kuma ta dawo jibi da sallama. A Kalifoniya ma da injin mai duba hayaƙi ya ga an goge ƙwaƙwalwar mota kwanan nan, gida za a kora ka. Masu zuciya kuwa ƙwan fitilar suke cirewa ɗungurungum. Sai dai duk wanda ya san aikinsa ya san da an murɗa makulli dole ta haska tare da sauran kafin inji ya tashi. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Kar ka ji kunya, manya sun riga ka. A 2015 aka kama Volkswagen ya koya wa motocin gazuwal kusan miliyan 11 gane ranar jarrabawa, su yi ladabi a gaban mai duba, su hau titi su ci gaba da halinsu. Su biliyoyin dalolin Amurka suka biya tara. Kai salatif ɗinka dala ashirin ne, na sefa.

To idan duk wannan ya ƙi, sai a koma ga abin da kowa yake gudu, wato a tambayi motar abin da ke damunta. Ƙarƙashin sitiyari, daidai gwiwarka, akwai wani soket mai ramuka 16. Nan ake cusa ƴar na'urar da makanikai suke kira kwamfuta, ta fito da lamba a fuskarta ko a wayar salula. Nawa makaniken, a ƙarƙashin dogonyaro, ya cusa tasa, ya yi shiru irin na likita, ya ce, "Alhaji, P0420."

"Ba ragi?" na ce. Na ɗauka kuɗin aiki ne.

Ashe ƙarar tukunyar tace hayaƙi ce, wadda take tsakiyar bututun salansa, wadda makanikan Najeriya suke kira Indomie saboda cikinta ya yi kama da taliyar. Ya kwanta ƙasa ya ƙwanƙwasa ta da sifana, ta amsa kamar ƙwaryar da aka gama shan fura. A cikin saƙar nan akwai filatinam da faladiyam da rodiyam, ƙarafa masu tsada, don haka mota takan sauka daga jirgi da taliyarta, ta iso gida wani ya riga ya yi kalaci. Ba na zargin kowa. Hanya ce mai nisa.

Abin da za ka riƙe shi ne, lamba sunan mai shaida take faɗi, ɓarawon kai za ka nemo shi. Idan ta ce P0171, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Makanike mai gaggawa zai sayar maka da sabuwar sansa nan take, a yi gyaran gangar Auzinawa. Ka ce a fara duba tiyon iska ko rana ta tsaga shi, a goge sansar da take bayan matatar iska, wadda ƙurar hunturu take yi wa kwalliya, a duba matatar mai, musamman idan kai ma'abocin esansin kwalba ne. P0300 kuwa inji ne yake tuntuɓe. Idan ƙarshen lambar 1 ne ko 2 ko 3 ko 4, ta ma nuna maka silindar da yatsa, a duba buji da kwayil. In ka ga fitilar tana ƙyaftawa, faka. Ɗanyen mai ne yake gangarawa ya ƙona taliyar, in kana cikin masu sauran rabo. Ita kuwa P0455 sau da yawa murfin tanki ne. Leda da tsumma ba murfi ba ne, ko da kawunka ya yi shekara goma da su.

Wanda ba shi da kuɗin kwamfuta yana da ido. Ka tsayar da mutum a bayan mota, zai fi kyau mai binka bashi, ka taka totur. Baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa. Shuɗi, inji yana shan baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, ka fara taya ragon layya.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan gyara a goge lambar, sannan ka yi kwanaki kana yawo: tashin asuba inji na sanyi, cinkoson kasuwar Gaya, sai doguwar hanya, ka miƙe Doso, wajen kilomita 150, ka dawo. A haka kwamfutar take sake jarraba kanta. Idan fitila ba ta dawo ba, tafi bizit da ƙafar dama.

Ni na canza tiyo, na canza buji huɗu, na sayi murfin tanki na gaske, sauran lambobi uku da na'urar ta fito da su suka tafi. P0420 ta zauna, don da aka faɗa mini kuɗin sabuwar tukunya sai na lissafa shi da buhunan shinkafa, na ce a bar maganar sai bayan kaka. Auta yana kiranta fitilar Baba. Jiya da dare da haskenta na gano goron da ya faɗi mini kusa da giya.